Daga Jakar Masu Sauraro: Shin Wake Da Ganye Suna Rage Kaifin Jan Nama?

Kamar yadda muka saba, abin da muka amsa a rediyo shi ne muke sake kawo muku a rubuce, domin wanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana shi ji ya samu ya karanta, ko kuwa yaro ya karanta masa. A wannan mako takarda ɗaya tak za mu ɗauka, saboda tambayar tana da nauyi. Ta fito ne daga wani ɗan kasuwa da ke da rumfa a Kasuwar Sabon Gari ta Kano, wadda ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi. Ya roƙe mu mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya.

TAMBAYA: "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni mutumin ƙauye ne, kasuwa ce ta kawo ni birni shekara 18 ke nan. Bara Allah ya yi wa yayana rasuwa bayan doguwar jinya. Mun daɗe muna ba shi maganin basir, sai da muka kai shi asibiti aka ce ciwon daji ne na babban hanji, kuma ya riga ya ci jiki. Likita ya ce da mu 'yan uwansa mu rage jan nama, mu yawaita wake da ganye. Da na kawo maganar a majalisarmu sai gardama ta kaure. Wani abokina ya ce in dai mutum zai haɗa da ganye, to ya ci nama iya cikinsa, ganyen zai wanke komai. Maƙwabcina mahauci kuma ya ce duk zancen Turawa ne, kakanninmu sun ci nama ba su mutu ba. Ni kuwa kusan kullum sai na ci tsire ko balangu kafin in tafi gida. Don Allah wa ya fi gaskiya a cikinsu?"

AMSA: To, Alhaji, da farko muna yi maka ta'aziyya. Allah ya jiƙan yayanka, ya ba ku haƙurin rashinsa. Ni dai ba likita ba ne, aikin malanta na koya kafin in zo gidan rediyo, saboda haka zan yi maka irin ta aji: mu ɗauki maganar daki-daki, mu ga abin da masu bincike suka auna da hannunsu. Amsar a taƙaice ita ce, kowannensu ya riƙe ɓangaren gaskiya, amma babu wanda ya riƙe ta duka.

MENE NE JAN NAMA?

In likita ya ce jan nama, yana nufin naman dabba mai ƙafa huɗu: sa, rago, akuya, raƙumi da makamantansu. Kaza da zabo da kifi ba sa cikin wannan lissafi. Akwai kuma abin da suke kira sarrafaffen nama, watau wanda aka sa wa gishiri mai yawa, ko aka shanya, ko aka yi wa banda, ko aka zuba wa magani don ya daɗe bai lalace ba, kamar naman gwangwani da sosej.

A watan Oktoba na 2015, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na ƙasar Faransa, ta tara masana 22 daga ƙasashe 10, suka duba bincike fiye da 800. Hukuncin da suka yanke shi ne: sarrafaffen nama yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna iya jawo ciwon daji na babban hanji, jan nama kuwa akwai zato mai ƙarfi a kansa. Suka ce wanda ke cin giram 50 na sarrafaffen nama kowace rana, haɗarinsa yana ƙaruwa da kamar kashi 18 cikin 100. A cikin misalan da suka bayar har da busasshen nama irin na Afirka ta Kudu da Amurka, wanda ɗan uwan kilishinmu ne.

A nan sai a yi hattara da lissafi. Kashi 18 ba ya nufin mutum 18 cikin 100 za su kamu. Abin nufi shi ne, a garin da a da mutum 100 ne za su kamu, in kowa ya ɗauki wannan ɗabi'a sai su zama 118. Ƙari ne na gaske, amma ba a ce duk wanda ya ci kilishi ya ci ajalinsa ba.

SAWUN DA NAMA KE BARI A JIKI

Alhaji, kai da ka tashi a ƙauye ka san mai bin sawu. In an kora shanu da dare, ba sai ya ga shanun ba, ƙasa yake dubawa ya ce nan suka bi, kuma sun kai kaza. Haka masu bincike suke yi. Ba za su zauna shekara 30 suna jiran ciwo ya fito ba. Sai su ɗebi jini, ko fitsari, ko bayan gida, ko su tsinci ɗan ƙanƙanin naman bangon hanji, su duba sawun da abinci ya bari. Sawu ba shi ne ciwon ba, kamar yadda ganyen dawa in ya fara ja ba shi ne asarar gona ba. Amma manomin kirki ba ya raina shi.

Akwai manyan sawu uku da ake bi a kan jan nama.

Na farko yana da alaƙa da abin da ke sa naman ya yi ja. Wani sinadari ne mai ɗauke da ƙarfe, sunansa hem. Shi ne ke ƙara wa mutum jini, amfaninsa ke nan. Amma wanda jiki bai sha ba yakan gangara babban hanji, a can ya taimaka wajen haɗa wasu sinadarai da ake kira naitroso. Wata masaniya a birnin Kambirij na Ingila, Farfesa Sheila Bingham, ita da abokan aikinta sun nuna cewa gwargwadon jan naman da mutum ya ci, gwargwadon yawan waɗannan sinadarai a bayan gidansa. Da suka ba mutane farin nama irin na kaza, ba su ga wannan hawa ba.

Na biyu shi ne tabon da waɗannan sinadarai ke yi wa ƙwayoyin bangon hanji. Kowace ƙwayar jikin mutum tana ɗauke da wani kundi da ake kira DNA, wanda ke gaya mata yaushe za ta hayayyafa, yaushe za ta tsaya. In aka yi ta ɗiga wa kundin nan tabo shekara da shekaru, wata rana ƙwayar sai ta karanta ba daidai ba, ta yi ta hayayyafa ba tsayawa. Asalin ciwon daji ke nan. Ana iya ƙirga wannan tabo a ɗakin gwaji.

Na uku a jini ake ganinsa, sunansa TMAO. Jan nama yana da wani abu da ake kira kanitin. Ƙananan halittun da ke zaune a hanjinmu, waɗanda ido ba ya gani, su ne ke cinsa su fitar da wani abu, hanta ta mayar da shi TMAO. A 2013 wani likita a birnin Kilibland na Amurka, Dakta Stanley Hazen, da jama'arsa suka nuna cewa masu yawan TMAO a jini sun fi fuskantar ciwon zuciya da toshewar jijiyoyin jini. Daga baya suka gwada mutum 113, suka ga wata guda na cin jan nama kullum ya ninka TMAO sau biyu zuwa uku, da aka daina kuma cikin wata guda ya sauka.

MECE CE HARZA?

Uwargida in ta fasa kabewa, ta san harzar da ke ciki, wannan zare-zaren da 'ya'yan ke maƙale a jiki. To, wannan suna aka ara aka ba duk ɓangaren tsiro da cikin mutum ba ya iya narkarwa. Dusar gero da ta dawa harza ce. Ɓawon wake harza ne. Yauƙin kuɓewa da na kuka da na karkashi, shi ma wani nau'in harza ne, mai narkewa a ruwa. Tana cikin zogale, rama, yakuwa, alayyafo, tafasa, gurjiya, aya, goba, goruba, magarya da garin ɗorawa. Nama kuwa, ko na wace dabba ne, ba shi da harza ko ƙwaya ɗaya. Haka ƙwai, haka madara, haka mai, haka sukari.

Da yake ciki ba ya narkar da ita, sai mutum ya ce to mene ne amfaninta? Aiki uku take yi. Na ɗaya, tana shan ruwa ta kumbura, bayan gida ya yi yawa ya yi laushi, duk wata guba da ke ciki ta tsarma, kamar cokalin gishiri a randa maimakon a moɗa. Na biyu, tana hanzarta tafiyar abinci, gubar ba ta samun zama ta daɗe tana gugar bangon hanji. Na uku, kuma shi ne babba, ita ce abincin waɗancan ƙananan halittu na hanji. In sun ci harza sukan fitar da wani sinadari mai suna butiret, wanda shi ne babban abincin ƙwayoyin bangon hanji, yana kwantar da kumburi, yana kuma taimakawa a kawar da ƙwayar da ta lalace. In ba su sami harza ba, sai su koma kan ragowar nama, abin da suke fitarwa a lokacin kuwa ba alheri ba ne ga hanji.

LIKITAN DA YA AUNA BAYAN GIDA

Maƙwabcinka mahauci ya ce zancen Turawa ne. To abin mamaki, a Afirka aka koyo wannan ilmi. Wani likitan tiyata ɗan ƙasar Ailan, Denis Burkitt, ya yi shekara kusan 20 yana aiki a Uganda. Ya lura da cewa ciwon daji na babban hanji, wanda ya addabi mutanen Ingila, da wuya ya gan shi a wurin mutanen ƙauyukan Afirka. Sai shi da abokansa suka shiga wani aiki da ba kowa zai yarda ya yi ba, watau auna nauyin bayan gidan mutane a kan sikeli. A rahotonsu na 1972, sun sami mutumin ƙauyen Uganda yana fitar da kusan giram 470 a rana, abinci yana ratsa cikinsa a kamar awa 36. Wasu Ingilishi da suka auna kuwa kamar giram 100 ne, abincin kuma yana yin fiye da kwana uku a ciki. Burkitt ya ce bambancin harza ce.

Bincike na baya ya ƙarfafa maganarsa. A 2003 aka fitar da sakamakon bin mutum fiye da 500,000 a ƙasashen Turai 10, aka ga waɗanda suka fi cin harza su ne suka fi tsira daga wannan ciwo. A 2011 kuma da aka harhaɗa bincike da dama, aka ga duk ƙarin giram 10 na harza a rana yana tafiya da raguwar haɗarin da kamar kashi 10 cikin 100.

GWAJI UKU DA SUKA SHAFI TAMBAYARKA

Yanzu ga ainihin abin da ka tambaya: in an haɗa nama da harza, me sawun ke nunawa?

Gwaji na farko a Kambirij aka yi, aka buga shi a 2006. An ajiye mutane a gida ɗaya ana dafa musu abinci. Wani lokaci a ba su jan nama giram 420 kullum, wani lokaci a hana su nama sam, wani lokaci kuma a ba su naman nan tare da harza mai yawa. Tabon bangon hanji ya fi yawa a lokacin nama zalla, ya fi ƙaranci a lokacin da babu nama. A lokacin nama da harza kuwa sai ya tsaya a tsakiya. Ka riƙe wannan kalma, Alhaji: a tsakiya. Ya ragu, amma bai koma kamar na wanda bai ci ba.

Gwaji na biyu a ƙasar Ostireliya ne, a 2015. Mutum 23 aka ba jan nama giram 300 kullum har mako huɗu, tabon ya ƙaru da kashi 21 cikin 100. Da aka maimaita tare da giram 40 na wani garin masara na musamman da aka haɗa da butiret, sai ƙarin bai bayyana ba. Sai dai wannan gari a ɗakin gwaji aka sarrafa shi, ba irin wanda za ka auna a kwano a kasuwa ba ne. Abin da ya koya mana shi ne, lalle butiret yana kare hanji.

Gwaji na uku shi ya fi kama da labarinka. A 2015 Farfesa Stephen O'Keefe na jami'ar Fitsbag ya ɗauki baƙar fatar Amurka 20 da mutanen ƙauye 20 daga lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, ya yi musu musayar abinci na mako biyu kacal. Amurkawan aka ba su tuwon masara da wake da ganye, harzarsu ta tashi daga giram 14 zuwa fiye da 50 a rana. Mutanen ƙauyen aka ba su nama da maiƙo da soye-soye, tasu ta faɗo daga giram 66 zuwa 12. Da aka leƙa hanjinsu, na Amurkawa kumburi ya ragu, butiret ya ninka sau biyu da rabi. Na mutanen ƙauye kuwa butiret ya ragu da rabi, alamun haɗari suka tashi. Mako biyu fa! Wannan ya nuna ba launin fata ko gado kaɗai ke kare mutumin ƙauye ba, abin da ke cikin akushinsa ne.

Amma a kan TMAO na jini, harza ba ta nuna irin wannan ƙarfi ba. Wasu gwaje-gwaje sun ga ya ragu, wasu ba su ga canji ba. Abin da aka tabbatar yana saukar da shi shi ne rage naman kansa. Haka kuma sinadaran naitroso, harza ba ta hana a haɗa su, tana dai tsarma su ta kore su da wuri.

TO WA YA YI GASKIYA?

Abokinka ya yi gaskiya da ya ce ganye na taimakawa. Ya yi kuskure da ya ce yana wanke komai. Harza garkuwa ce, garkuwa kuwa ba ta sa mutum ya je ya tsaya a gaban masu harbi.

Mahauci ma ya yi gaskiya da ya ce kakanninmu sun ci nama. Amma a tambaye shi, sau nawa? Ranar kasuwa, ranar suna, ranar biki, sai Babbar Salla. Sauran kwanakin tuwon dawa ne da miyar kuka da daddawa, ɗanwake, dambu, fate, kwaɗon rama da zogale, fura da kunu. Sa'an nan su yini suna noma, su taka ƙasa zuwa kasuwa. Wanda ya ce zai ci nama irin na kakanni, sai ya ci tuwo irin nasu, ya kuma yi tafiya irin tasu.

Yanzu dubi yinin ɗan kasuwa a Sabon Gari. Da safe shayi mai sukari da farin burodi, ko Indomie da ƙwai. Da rana farar shinkafa ko taliya da yankan nama, a kora da lemon kwalba. Da yamma tsire ko balangu da gurasa, albasa da tumatir da kabejin da mai nama ya yanka a kai ma sai a ture gefe a nannaɗe da takarda a yar. Ga zama a rumfa tun safe har magariba, in an tashi a hau babur ko a-daidaita-sahu. Wannan shi ne musayar abincin da O'Keefe ya yi na mako biyu, mu kuwa muna yi wa kanmu na shekara 18.

Ga lissafi ka gani. A giram 100 na busasshen wake akwai harza kamar giram 10. A gero da ba a surfe ba kamar giram 8, a dawa kamar 6 zuwa 7. A farar shinkafa kuwa kamar giram 1 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2023, ta ce baligi ya sami aƙalla giram 25 na harza a rana, da giram 400 na ganye da kayan marmari. Mai cin shinkafa da burodi da taliya ba zai kai ko kusa ba. Abin takaici, Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na bi mata. Tireloli na ɗaukarsa daga Kasuwar Dawanau zuwa Kudu da ƙasashen waje, mu kuma muna ganin cinsa alamar talauci ce. Muna surfe hatsi tas, mu ba akuya dusar, akuya ta yi ƙiba mu yanka mu ci.

ABIN DA ZA KA YI

Na ɗaya, kada ka daina cin nama, kada kuma ka ɓata da maƙwabcinka. Asusun binciken ciwon daji na duniya da ke Landan, a rahotonsa na 2018, ya ce dafaffen jan nama kada ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako. Watau rabin kilo ke nan in ya dahu, ɗanye kuwa kamar giram 700 zuwa 750. Ka raba shi sau uku a mako. Sauran ranakun ka yi da kifi, ko kaza, ko ƙwai, ko wake. Kilishi da naman gwangwani a bar su sai jefi-jefi.

Na biyu, ka lura da gashi. Naman da ya ƙone ya yi baƙi, da wanda kitse ya ɗiga a wuta hayaƙin ya turnuƙe shi, suna ɗauke da wasu sinadarai na daban masu cutarwa. Ka ce da mai tsire kada ya ƙona, ka kuma yar da wurin da ya yi gawayi. Farfesu da naman miya sun fi sauƙi ta wannan fuska.

Na uku, duk ranar da za ka ci nama, kada ya tafi shi kaɗai. Ka ce a ƙara albasa da kabeji da tumatir, ka cinye su. A gida a sa shi cikin miyar kuka, ko kuɓewa, ko taushe, ko miyar zogale.

Na huɗu, wake ya shiga tukunya aƙalla sau uku ko huɗu a mako. In shinkafa za a dafa, a yi garau-garau, waken ya yi yawa. Ɗanwake, alale, ƙosai, faten wake, dafaffiyar gurjiya, duk suna cikin lissafi, sai dai wanda aka cire wa ɓawo harzarsa ta ragu.

Na biyar, a gaya wa uwargida ko mai inji a sassauta surfe, kada a fitar da dusa duka. Amma hatsin ya zama busasshe mai tsabta, domin wanda ya yi fumfuna yana da tasa gubar mai cin hanta. Ku kuma manoma da masu ajiyar wake, ku ji tsoron Allah ku bar zuba masa maganin ƙwari na feshi. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, in an ɗaure shi da kyau.

Na shida, kada ka raina ɗumame. Tuwo ko shinkafa ko dankali in sun dahu suka huce, wani ɓangare na garinsu yakan taurare ya ƙi narkewa a ciki, ya isa babban hanji ya yi aikin harza. Sharaɗi dai a ajiye shi a rufe, a kuma ɗumama shi ya yi zafi sosai.

Na bakwai, a bi a hankali. Wanda ya daɗe bai ci wake ba in ya afka masa rana ɗaya, ciki zai kumbura ya yi ta ƙugi. A jiƙa waken ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa ya yi laushi, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin mako biyu ko uku. A kuma sha ruwa da yawa, don harza ba ruwa tana iya ƙara taurin bayan gida. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku kuma 'yan uwana na karkara da nama ba ya shiga gidanku sai ranar kasuwar Wudil ko ta Ɗambatta, wannan gargaɗi ba naku ba ne. Ku matsalarku sau da yawa ƙarancin jini ce. Mai ciki da mai shayarwa da yaron da aka yaye suna bukatar nama da hanta da ƙwai. In an samu, su za a fara ba, ba maigida ya cinye a tsaye a wurin mai tukuba ba.

MAGANAR BASIR

Na bar wannan a ƙarshe ne domin ita ta fi komai muhimmanci a takardarka. Ka ce kun daɗe kuna ba marigayi maganin basir. Ba ku kaɗai ba ne, kada ka zargi kanka. Likitocin ƙasar nan sun daɗe suna kukan cewa yawancin masu wannan ciwo ba sa zuwa asibiti sai ya yi nisa, kuma da yawansu ba su kai shekarun da ake ganinsa a Turai ba. A wurinmu duk abin da ya fito ta dubura basir ne, ga masu magani da lasifika a bakin kowace kasuwa.

Alamun da ba a wasa da su su ne: jini a bayan gida, ko ja ko baƙi, canjin yadda mutum ya saba fita, gudawa ko taurin ciki da ya wuce mako uku, jin kamar ba a gama ba bayan an fita, ciwon ciki da ya ƙi tafiya, rama ba dalili, da kasala ta ƙarancin jini. Sau da yawa basir ɗin ne da gaske, ko tsutsar ciki, ko atuni. Amma likita ne kaɗai zai bambance. A manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ana zura wata na'ura mai kyamara a duba hanji. In an ga ɗan tsiro tun bai zama daji ba, ana iya cire shi a nan take. In ma ya zama, wanda aka kama da wuri ana warkewa.

Kai kuwa, Alhaji, tun da ɗan uwanka na jini ya yi wannan ciwo, haɗarinka ya fi na sauran mutane. Kada ka jira alama. Ka je ka gaya wa likita shekarun marigayi lokacin da aka gano ciwon, ka tambaye shi yaushe ya kamata a duba ka, ka kuma ja sauran 'yan uwanku ku tafi tare. Wake da zogale rigakafi ne, ba su maye gurbin wannan dubawa ba, ba kuma sa warkar da ciwon in ya riga ya kama. In kana shan taba ka bari, in tumbi ya fara fitowa ka rage shi, ka riƙa taka ƙafa ko da daga rumfa zuwa Fagge ne maimakon hawa babur.

Muna fata in ka koma majalisa za ka karanta musu wannan, ka gaishe mana da abokinka da maƙwabcinka mahauci. Ka ce masa ba mu hana shi ciniki ba, mun dai ce ya ƙara yanka albasa da kabeji.

Jama'a, a nan za mu dakata. Mai tambaya ya ci gaba da aiko mana, ta takarda ko ta saƙon waya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.